Ranar da Tukunyar Fure Ta Yi Alkawarin Aure

A danginmu akwai wata magana da in aka ji ta, mai hankali yakan fara laluben takalminsa: "Ku bar mini." Mai faɗinta ƙanen mahaifiyarmu ne, mai gyaran rediyo da ba da hayar lasifika a bakin titi. Saboda yawan faɗinta har sunansa ya ɓace, yaro da babba Kawu Barmini suke ce masa. Shi ya ce a bar masa fankar Mama, yau da baya take juyawa. Shi ya ce a bar masa agogon bangon falonmu, tun daga ranar kullum ƙarfe huɗu ne a gidanmu.

Sai ga auren Auta, ƙanena. Auta kafinta ne mai albarkar hannu, amma yana da i'ina. In yana cikin katakonsa shi kaɗai, magana takan fita sumul, har waƙa yake yi. Da idanu sun yi yawa a kansa sai harshe ya ƙi. Yarinyar da zai aura nas ce, mu ma Nas muke ce mata. Haka ta gan shi, haka ta so shi. Amma tun da aka sa rana abu ɗaya ya hana shi cin abinci: zai tsaya gaban bagadi, coci cike maƙil, ya furta alkawarin aure da bakinsa. Ni yayarsa ce, ni na goya shi, kuma ina ganin yadda yake ramewa, abin yana cin raina.

Ranar da dangi suka zauna a falo don raba ayyukan biki, ba a gama addu'ar buɗewa ba Kawu ya miƙe.

"Ku bar mini!"

Mama ta dubi fankarta, ta dubi agogonta, ta ce, "Ɗan'uwa, wannan fa aure ne, ba rediyo ba."

"Yaya, ni za a gaya wa aure? Auren da na sa wa lasifika a garin nan, in aka jera amaren sai sun cika filin ƙwallo. Bishof kansa ya taɓa cewa bai taɓa jin murya irin wadda na fito masa da ita ba."

Anti, matar Kawu, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Gaskiya ne. Ranar ce wutar na'urar ta ja shi."

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Ya zayyana mana shirinsa: hayaƙi mai launi zai taso daga ƙarƙashin kujeru lokacin da amarya za ta shigo, tattabaru farare za su tashi, sannan shi da kansa zai riƙa ba da labarin abin da ke faruwa a lasifika, kamar yadda ake yi a wasan ƙwallo. Auta ya buɗe baki zai ce a'a. Kafin kalmar ta iso, Kawu ya riga ya yi godiya ga amincewar dangi ya hau babur ɗinsa.

A cocinmu ba a ɗaura aure sai ango da amarya sun yi darasin aure wurin Baba Katikis, tsohon da ke koyar da addini. Darasin na mutum biyu ne. Kawu ya mai da shi na mutum uku. Ya je da kujerarsa ya dasa a tsakaninsu, ni kuma na bi su don kada a yi abin kunya ba shaida.

Baba Katikis ya gyara tabarau ya tambaya, "Wa yake ɗaura aure a coci?"

"Fada!" Kawu ya amsa, ya waiwaya yana jiran tafi.

"A'a."

"To Bishof ne, Fada wakili ne kawai. Dama gwada ka nake yi."

"Ba Bishof ba ne. Ango da amarya ne suke ɗaura wa kansu, da yardarsu da alkawarin da kowa ya ba ɗan'uwansa a gaban Allah. Fada shaida ne a madadin Ikilisiya, ya sa albarka. Ko ba kiɗa, ko ba fure, in akwai wannan tare da Fada da shaidu biyu, akwai aure. In babu shi, ko an cika coci da zinariya, taro kawai aka yi."

Nas ta gyaɗa kai tana murmushi. Auta ya haɗiyi yawu. Shi kuwa Kawu, daga duk wannan bayani abu ɗaya ya tsinta. Muna fita ya ja ni gefe, ido waje.

"Kin ji masifa? Ashe duk auren nan a kan harshen Auta yake rataye! In muka bar yaron nan, sai kyandir ya ƙone, abinci ya huce, amarya ta tsufa a tsaye. Amma kada ki damu. Ku bar mini."

Washegari sai ga shi a shagon Auta da na'urar ɗaukar murya. Dabarar ita ce a ɗauki alkawarin tun yanzu, a ɓoye ƙaramar lasifika kusa da bagadi, ranar aure Auta ya riƙa motsa leɓe kawai, Kawu ya danna daga kujerarsa.

"Kawu, Ba-ba-baba Katikis ya ce..."

"Baba Katikis ya ce da bakinka. To wannan bakin wa za mu ɗauka, na jaki? Bakinka ne, sai dai an ajiye shi a firiji. Fara!"

Ya cusa masa makirufo har yana taɓa hanci. Mai aski na maƙwabta ya baro wani mutum da rabin kai ya zo kallo. Mai faci ya zo, mai sayar da ƙanƙara ta tsallako titi. Idanu suka yi yawa, harshen Auta ya kafe. Da ƙyar ya kai "Ni na ɗau," sai wata mota ta danna hon. Aka sake. Zarton yaron shago ya shiga. Aka sake. Mutumin da aka bari da rabin kai ya leƙo yana zagi, shi ma ya shiga tarihi.

Kawu ya kwashi abin ya tafi shagonsa da ke nan kan layin, ya ce zai yanke ya liƙa. Da ya dawo ya kunna mana, sai muka ji kamar akuya mai shaƙuwa tana ƙoƙarin karanta labarai.

Mai aski ya ce, "Barmini, in aka sa wannan a coci, ruwa mai tsarki Fada zai ɗauko."

"Kai da ba ka iya daidaita ƙeya ba, me ka sani a harkar sauti?"

"Na san dai ƙeyar da na ɓata tana sake tsirowa. Aure fa?"

Da wani ne, da ya tsaya a nan. Kawu kuwa sai ya ce ai matsalar ƙarama ce, kayan aikin ne ba su da kyau, wato Auta. Zai ɗauki alkawarin da muryarsa shi, sannan ya murɗa wani maɓalli ta koma ta saurayi.

Ya kulle kansa a shago da tsakar rana. Abin da ya manta shi ne, babbar lasifikar da ke saman rufinsa, wadda yake tallar shago da ita, tana nan a haɗe. Ina kan keken ɗinkina a ƙarshen layi sai na ji muryar Kawu ta cika unguwa, cikin wani irin shauƙi da ban taɓa sanin yana da shi ba:

"Ni na ɗauke ki ki zama matata. A'a, bai yi zaƙi ba. Niii na ɗauke kiii..."

Titi ya tsaya cak. Mai ƙanƙara, wadda rumfarta ke kallon ƙofar Kawu, kuma mijinta ya rasu da daɗewa, ta dafe ƙirji ta gyara ɗankwali. Kafin Kawu ya kai "cikin lafiya da ciwo" karo na uku, labari ya riga ya isa gida, Anti ta iso da ludayi a hannu. Ta buga ƙofa har ƙusa ta fita.

"Maigida, wa ka ɗauka?"

Kawu ya leƙo yana zufa. "Sirri ne, uwargida."

"Sirrin da ake ji har tashar mota?"

"Gwajin na'ura nake yi!"

Mai ƙanƙara ta ɗaga murya daga tsallake, "Ni dai ban ce na yarda ba, ban kuma ce ban yarda ba."

Anti ta dube ta, ta dubi mijinta. "Ki kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Cocinmu mace ɗaya ce har mutuwa, ni kuwa ko mura ba na yi. Da ana bayarwa ma da na ba ki shi kyauta, har da babur ɗin."

Ana gobe aure aka yi gwaji a coci. Fada mutum ne mai haƙuri, amma da ya ji batun hayaƙi mai launi sai ya ce turaren wuta ya wadatar. Tattabaru kuwa, ya ce wanda ya kawo su shi zai wanke benci. Batun ba da labari a lasifika bai ma bari Kawu ya ƙarasa ba. Kawu ya rusuna ya ce, "Yadda ka ce, Fada," da irin ladabin da ya sa gabana ya faɗi. Sannan ya roƙi alfarmar ya ɗan duba wayoyin lasifikar coci, don ya ji suna ƙara. Fada bai san tarihin fankar Mama ba, ya ce to.

Na ga Kawu yana kai da komo wajen wata babbar tukunyar fure da ke gefen bagadi. Na ja Auta waje na tsare shi.

"Ka yarda da wannan shirmen?"

"Yaya, ban ya-yarda ba. Sau uku ina fara ce masa a'a, yana tafiya."

"To ka gaya wa Fada."

Ya murza hularsa ya ce, "Ina jin tsoro, Yaya. In na ma-maƙale fa? 'Yan'uwanta duk za su zo. Kada su ce ta auri wanda ko sunan aure bai iya faɗi ba."

Na gyara masa wuyan riga kawai, don in na yi magana kuka zan yi.

Ranar aure coci ta cika har ana tsayuwa a taga. Kawu ya zauna a benci na biyu cikin wata babbar riga da ta yi masa yawa, kuma na lura cikin rigar yana motsi ta inda ciki ba ya motsi. Anti na gefensa, ni ina bayansu. 'Yan kwaya suka yi waƙa, aka yi karatu, Fada ya yi wa'azi. Ya tambayi ango da amarya ko sun zo da yardar kansu ba tilas, Auta ya samu ya fitar da "I" lafiya. Sai Fada ya ce su riƙe hannun juna su furta alkawari.

Auta ya kama hannun Nas. Ya buɗe baki. Shiru. Leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi. Bai fi numfashi biyu ba, da an ƙyale shi da ya kamo bakin zaren. Amma Kawu ya zaro ɗan abin dannawa daga aljihu, ya kashe mini ido, ya danna.

Garin duba wayoyi jiya, ashe Kawu ya haɗa ƙaramar lasifikar da ya ɓoye a tukunyar furen da duk lasifikokin coci. Kuma maimakon sautin da ya tace, ɗanyen ya ɗauko. Wani tari mai ƙarfi ya fashe daga kusurwa huɗu, har wata tsohuwa ta yi alamar gicciye.

"Gwaji, gwaji. Barmini ne ke magana, sarkin sauti, a kawo gyara a tafi da murna."

Fada ya ɗaga kai ya dubi rufi. Kawu ya shiga danne-danne. Abin da ya danno shi ne maɓallin nan na mai da murya ta saurayi, sai dai ya zarce, ta koma ta ɗan jariri:

"Niii na ɗauke kiii ki zama matataaa..."

'Yan kwaya suka fara faɗuwa a kan juna. Kawu ya sake dannawa, murya ta dawo tasa sak, mai kauri, tana hira da kanta kamar yadda ya yi a shago:

"Yawwa, haka ake aure. Ba irin na Fadan nan ba, da zai yi ta wa'azi har mutum ya manta wa ya zo aura. Shi kuwa Katikis, tabarau ne kawai, ba komai a ciki."

Baba Katikis ya cire tabarau ɗin a hankali ya duba shi. Abin dannawa ya suɓuce daga hannun Kawu ya gangara ƙarƙashin benci. Kawu ya bi shi da rarrafe ta tsakanin ƙafafun dangin amarya yana "Gafara dai, gafara dai." Da bai same shi ba sai ya cafko wayar ƙaramar lasifikar ya finciko. Jama'a suka ga tukunyar fure ta taso daga gefen bagadi tana tafiya da kanta a kan daɓe, tana cewa da babbar murya, "cikin samu da rashi, cikin lafiya da ciwo." Ta zo daidai ƙafar amarya ta kife. A daidai nan rigar Kawu ta kwance, tattabaru biyu suka fito. Ɗaya ta nufi taga. Ɗayar ta sauka a kansa ta yi abin da Fada ya yi hasashe.

Wani ya kashe wutar lasifika. Fada ya jira har dariya ta lafa, sannan ya tambaya a natse, "Wa ya yi wannan alkawarin? Don ina so in san wa nake shaida wa aure."

Kawu, daga ƙasa, ya ce, "Muryar ango ce, Fada. Sanyi ne ya kama shi."

Anti ta miƙe. "Fada, a gafarce ni. Muryar mijina ce. Shekara da shekaru ina jin minsharinta, ko a kasuwa na ji ta zan gane." Ta juya wajen Auta, ta manta da taron gaba ɗaya. "Auta, ɗana, dube ni. Ka ga wannan mai baki kamar rediyon? Ranar aurenmu a gaban bagadi irin wannan, kalma ɗaya ta gagare shi. Zufa har cikin takalmi. Sai da aka kawo masa kujera da ruwa. Na tsaya na jira shi. Da ya samu ya faɗa, ko na benci na farko bai ji ba, ni kaɗai na ji. Kuma duk alkawuran da ya yi a duniya, na fanka, na agogo, na rediyon mutane, wannan kaɗai ne bai lalata ba."

Karo na farko a rayuwata na ga Kawu Barmini ya buɗe baki bai sami abin faɗi ba. Ya zauna a daɓe da kashin tattabara a goshi yana kallon matarsa.

Nas ta tsallake tukunyar da ta fashe, ta sake kama hannun Auta da hannu biyu. Ta ce, "Ni ba tukunyar fure na zo aura ba. Na ɗauki hutu a wurin aiki, ba inda za ni. Faɗa mini a hankali."

Fada ya ce, "Ni ma an ce ina da dogon wa'azi, don haka na saba da jira."

Auta ya ja numfashi. Bai dubi jama'a ba, ita ya duba.

"Ni na ɗau... na ɗauke ki... ki za-zama matata."

Ya maƙale a "lafiya." Ya daɗe a wurin. Ba wanda ya yi tari, ba wanda ya taya shi, har yaran da ke taga sun yi tsit. Mama ta damƙe hannuna har yatsuna suka yi tsami. Ya wuce. Ya sake maƙalewa a "girmama," ya sake wucewa. Da ya iso ƙarshe sai maganar ta fito masa sumul, kamar yana shi kaɗai cikin katakonsa:

"Har mutuwa ta raba mu."

Ba lasifika, amma har na bakin ƙofa sun ji. Ni dai kwalliyar da na ɓata safiya ina yi ta tafi a banza, kuma ban damu ba. Nas ta faɗi nata, aka sa zobe, Fada ya sa albarka.

A wurin cin abinci ban ɗauka Kawu zai iya haɗa ido da kowa ba. Ina isa na tarar ya wanke goshi, ya tara mai aski da mai faci yana musu bayani.

"Ku ba ku gane dabara ba. Da gangan na yi. Na san in yaron ya ga an riga an gama jin kunya duka, ba sauran wadda za ta rage masa. Wannan ilimi ne. In Allah ya kawo haihuwa, ranar baftisma ma ku bar..."

Auta ne ya dafa kafaɗarsa ta baya, amaryarsa na riƙe da hannunsa. Kawu ya yunƙura zai tashi, Anti ta danne masa riga da ƙafa, ta ce, "Zauna. Yau sai ka ji ƙarshenta."

Auta ya ɗauki lokacinsa, ba gaggawa, duk muna jira.

"Kawu," ya ce. "A'a."